Fatawa: Tonon dalilin mutuwar jarumar fim, jayayya ce da ƙaddara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. 'Yarka ce daga unguwar Birni, nan Damagaram. Tun da jarumar nan ta finafinan Hausa ta rasu farat ɗaya da ƙuruciyarta, zancen ya ƙi kwantawa a zaurukanmu na WhatsApp. Wasu sun ce guba aka ba ta, wasu sun ce sammu ne, har ana kama sunan abokan sana'arta. Wasu kuma sun ce 'yar fim ce, addu'a ba ta kamace ta ba. Zuciyata ba ta natsu ba. Tambayar abin da ya kashe ta jayayya ce da ƙaddara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya jiƙanta da rahama.

Babu ran da ke fita kafin wa'adinsa. Suratul A'arafi, aya ta 34, ta ce idan ajali ya zo ba a jinkirta shi ko da sa'a guda, ba a kuma gaggauta shi. Amma neman sanin sanadi bai saɓa wa wannan imani ba. Da ya saɓa, da shari'a ba ta zo da ƙisasi da diyya ba. A Risalar da yaranmu ke biyawa a zaure, Ibn Abi Zaid ya ce ba a kashe rai saboda rai sai da shaidu adilai, ko iƙirari, ko ƙasama, wato rantsuwa 50 daga waliyyan mamaci. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ita ma a 1987, ta halatta likita ya binciki gawa idan alƙali na buƙatar gano dalilin mutuwa, tare da kiyaye alfarmarta, domin Annabi (SAW) ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye.

To ki lura da masu haƙƙin tambayar: danginta ne da hukuma. Su za su kai ƙara, su za a saurara.

Abin da ake yi a wayoyi kuwa haramun ne, kuma yana ci mini rai. Kwanan baya na bi ta wata fada, wato majalisar samari, kusa da Kasuwar Dole, shayi na kan wuta, samari na miƙa wa juna waya, suna buɗa hoton gawar da yatsu wai suna neman alamar guba a leɓenta. Wannan baiwar Allah tana da uwa, kuma hoton zai iya isa hannunta. Wanda aka kama sunansa shi ma yana da iyali da zai kalla gobe da safe. Allah Ya ce a Suratul Hujurati, aya ta 12, sashen zato zunubi ne. Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Mai danna "tura" ya faɗa, ko bai buɗe baki ba. Zancen sammu ya fi muni, don ba a tabbatar da shi da "an ce", kuma sau da yawa daga bakin boka yake fitowa.

Masu hana addu'a kuma, wa ya ba su mabuɗin Aljanna? Malamai sun yi magana a kan abin da ke cikin finafinai, ni ma ina da nawa gyaran, amma ga rayayye ake yin nasiha. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. A mazhabarmu ta Malikiyya ana sallatar Musulmi ko da shi ya kashe kansa.

Ki goge hotunan da ke wayarki, kada ki tura saƙon da ya ambaci sunan kowa. Idan a zauren akwai wanda ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa, wajibinsa ne ya kai wa danginta ko komisariya, kada ya ɓoye shaida. Ke kuma ki roƙa mata gafara a sujadarki, sunanta kawai ya isa.

Wallahu a'alam.