Ku Tambaya Mu Amsa: Ta yaya maiƙo ke yawo a cikin ƙwayar yis?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga wani ƙauye a yankin Ringim, innata fanke take soyawa ran kasuwa, ni ke kwaɓa mata da yis. Malaminmu na bayoloji ya ce wai yis ɗin nan rai gare shi, cikinsa ruwa ne amma tantanin da ya rufe shi maiƙo ne. To ni dai a sanina mai da ruwa ba sa shiri, ya ake yi maiƙon ya isa inda ake buƙatarsa?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminku bai yi ƙarya ba. Yawancin maiƙon a wani sashe na ƙwayar ake ƙera shi, ana ce masa ER, kuma in aka bar shi shi kaɗai ba zai ratsa ruwan ba sai da kyar. To akwai wasu furotin da aikinsu kenan dakon maiƙo, kowanne da ɗan aljihu a jikinsa wanda ruwa ba ya shiga, sai ya ciro maiƙo ƙwara ɗaya daga tantanin wannan sashe ya rufe shi ya kai tantanin wancan, don sassan cikin ƙwayar ma tantanin maiƙo ne ya rufe su, galibi ma a wuraren da sassan biyu suka matso dab da juna don tafiyar ba nisa.

Wanda ya fi burge ni cikin furotin ɗin nan shi ne Osh4. Ɗan acaɓa ne da ba ya dawowa wayam, ya kai wani maiƙo dangin kolestarol daga ER zuwa Golgi, sashen da ake shirya kayan ƙwaya kafin a tura su inda za su, ya ɗauko wani mai suna PI4P ya juyo da shi. Su bakwai ne a gidansu, Osh1 zuwa Osh7, in masana suka cire ɗaya yis ɗin ba ya mutuwa, amma a cire duka bakwai ɗin sai ya mutu. Sec14 kuwa, wani ɗan dakon maiƙon, ba a wasa da shi, in babu shi kaya ba sa fita daga Golgi. Yana cikin rukunin Sec, masu aikin fitar da kaya daga ƙwaya, da ɗakin binciken Randy Schekman a Amurka ya gano a jikin yis, aikin da ya kai Schekman ga kyautar Nobel a 2013.

Mu ma muna da irinsu fa. Akwai NPC1 da NPC2 masu fitar da kolestarol daga wani lungu na ƙwayoyin jikinmu, in yaro ya gaji lalataccen ɗaya daga cikinsu daga uwa da uba duka sai kolestarol ya yi ta taruwa, hanta da saifa su kumbura, ƙwaƙwalwa ta taɓu. Cutar Niemann-Pick nau'in C kenan, ba ta da yawa dai.