Tsatsa ta kayar da motata a gwajin lafiya

Tambaya: Malam, na kai Corolla ɗina, 'yar tokumbo, gwajin lafiyar mota, aka ce tsatsa ta ci ƙafafunta na baya. Mai walda ya ce zai liƙe min. In yarda? Daga wani direba a Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yarda tukuna. Irin waɗannan motoci da yawa daga Kanada da arewacin Amurka suke zuwa, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, shi ke cin ƙarfen ta ƙasa. Shekara 20 ina kwanciya ƙarƙashin mota, abin da nake yi shi ne in kankare wurin da burushin waya, in ƙwanƙwasa da guduma. In jan ƙura ce kawai ta zubo, ƙarfen na ƙara garau, a goge a shafa fenti. In kuwa yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, ko sukundireba ta huda shi, ya mutu.

Sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota a ƙafafunta, ba a yi masa walda, zafi na kashe ƙarfinsa, wata rana ya karye maka a hanyar Zariya da iyali a ciki. Je Panteka, inda ake sayar da kayan gyaran mota, ka nemo mai kyau, ka canza hagu da dama tare, har da shokozoba, mai rage girgizar mota, in tana yoyon mai. A daidaita tayoyi kafin ka koma gwajin.