Kwantena, Imej da Kwanso: Amsar Wasiƙar Wani Ɗalibi

Wani ɗalibin kwamfuta daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Malam, ana koya mana ɗora manhajar yanar gizo da Docker da Kubernetes. Me za mu kira kwantena da imej da pod a Hausa?"

Ɗana, kwantena dai ka bar ta yadda take, ta riga ta zama tamu. Wanda ya ga tirela ta taso da ita daga Apapa, ko ya sayi kati a shagon da aka yanka wa ƙofa a jikinta, ya san ta. Masu fasahar ma daga can suka aro sunan. A 1956 wani ɗan kasuwar sufuri, Malcom McLean, ya loda kwantena 58 a jirgin ruwan Ideal X daga Newark zuwa Houston a Amurka, daga nan aka fara huta da sauke kaya buhu-buhu. Docker, manhajar haɗa kwantenonin kwamfuta wadda ta fito a 2013, ma'anar sunanta ɗan dakon tashar jirgin ruwa.

Kwantenar kwamfuta manhaja ce da aka ƙulle tare da duk guzurinta, ta yadda aikinta a kwamfutarka da a sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da ake ɗora manhaja a kanta, ba zai bambanta ba. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya, wato sai da ɗan abin hannunka kake kaiwa ga na waje. Haka take: kayan aikinta na cikinta, amma da zuciyar tsarin kwamfutar da ta sauka, wadda ake kira kanel, take numfashi.

Inda nake roƙonku shi ne imej. Kada ku ce hoto, yana ɓatar da mai koyo, don ba abin kallo ba ne. Ni hatimi nake ce masa. Sau ɗaya ake sassaƙa hatimi, a buga shi a takarda ɗari, duk su fito iri guda, shi kuwa yana nan bai canza ba. Kowane bugu kwantena ce. In ana son gyara, sabon hatimi ake yi.

Pod kuma kwanso ne, kamar na gyaɗa: ka fasa ka tarar da ƙwaya ɗaya ko biyu a ɗaki guda. Kwantenonin da ke kwanso ɗaya adireshinsu ɗaya, tare ake tashe su.

Kubernetes, tsarin kula da kwantenoni da Google ya fitar a 2014, sunansa kalmar Girkanci ce mai nufin matuƙin jirgin ruwa. Ka faɗa masa kwanso uku kake so, in ɗaya ya mutu sai ya ta da wani a madadinsa, ko da tsakar dare ne kana barci.