Lambar da ke jikin Ferrari 330 P4

Ka nuno mini hoton jar motar nan a wayarka, kana tambaya wai me 330 ɗin take nufi, kuma ya aka yi mota mai inji lita 4 ta iya ja da ta Ford mai lita 7. To ajiye sifanar nan, yaro, ka matso.

Lambar ba ƙarfin doki ba ce, kuma ba gudu ba ne. A al'adar Ferrari ta lokacin, girman silinda ɗaya suke rubutawa. Kowace silinda cc 330 take ci, silinda 12 ne, ka ninka ka ga ka kusa 4,000. Harafin P kuwa yana nufin motar gwaji ce, wadda aka ƙera ƙwaya kaɗan don tsere kawai, babu dillalin da zai sayar maka da ita. Haka kakarta 250 P ta 1963 take: 250 sau 12, lita 3. Ita ce Ferrari ta farko mai silinda 12 da aka ɗauke injin daga gaba aka sa shi bayan direba, tsakanin kujera da tayoyin baya, don nauyi ya zauna a tsakiya motar ta riƙe kwana. A shekarar ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa.

A 1963 ɗin ne kuma Ford ya nemi sayen kamfanin Ferrari, mai shi Enzo Ferrari ya janye ana dab da sa hannu. Ran Ford ya ɓaci, suka zuba kuɗi suka ƙera motar tsere mai suna GT40. A Le Mans ta 1966 suka kwashe na ɗaya, na biyu da na uku, ita kuwa 330 P3 ta Ferrari, wadda P4 ta gada, ko ɗaya ba ta kai ƙarshe ba.

Nan ne wurin da nake so ka buɗe kunne. Mauro Forghieri, babban injiniyan Ferrari a Maranello, garin da kamfanin yake a Italiya, bai ce a faɗaɗa silinda ba. Kan injin suka koma wa. Miƙo mini top ɗin 504 ɗin can, wato kan injinta. Ka gani, kowace silinda bawul biyu: ɗaya na shan iska da mai, ɗaya na fitar da hayaƙi. Haka P3 take. A P4 suka mayar da shi uku, biyu na sha, ɗaya na fitarwa, bawul 36 ke nan a inji ɗaya. Inji ai kamar mutum yake, in hancinsa ya toshe komai ƙarfin ƙirjinsa ba zai yi gudu ba. Ƙofa biyu ƙanana sun fi babba ɗaya shigar da iska, kuma ƙaramin bawul ba shi da nauyi, sifirin zai dawo da shi mazauninsa a kan lokaci ko da inji na juyi 8,000 a minti. Babu kafireta, injekta ce ta kamfanin Lucas take fesa mai. Da aikin kan injin nan suka tashi daga ƙarfin doki 420 zuwa 450. Giyabos ɗin ZF na Jamus da ke kan P3 ma suka cire, suka ƙera nasu. Kai da bawul takwas na 504 kake ce mini hannunka ya gaji da niƙa, ka tuna da wanda aka ba 36.

Watan Fabrairun 1967 suka bi Ford har gida, tseren awa 24 na Daytona a Amurka. Motocin Ferrari uku suka tsallake layin ƙarshe a jere, kafaɗa da kafaɗa. Chris Amon da Lorenzo Bandini ne a ta ɗaya, wata P3 da aka yi wa kayan P4. Bandini ɗin bai ga ƙarshen shekarar ba, haɗari ya ci shi a tseren Monaco cikin watan Mayu.

Amma kada ka tafi majalisa kana cewa ta gama da Ford. A Le Mans ta 1967 Ford Mk IV, wadda Dan Gurney da A. J. Foyt suka tuƙa, ita ta zo ta ɗaya, P4 ta biyu da ta uku. A lokacin hanyar can tana da miƙaƙƙen titi mai kusan kilomita 6, kuma a irin wannan wuri lita 7 ba ta jin lallashi. Kambun shekara na gasar motocin gwaji dai Ferrari ce ta ɗauka, domin ta fi tara maki. A ganina aikin da aka yi wa kan injin nan ya fi kofin burgewa.

Daga nan hukumar tsere ta ce daga 1968 motar gwaji kada ta wuce lita 3. P4 ta tashi aiki tana da shekara ɗaya tak a fili, guda uku kacal aka ƙera sababbi, Ferrari kuma ta ƙaurace wa gasar a shekarar.

Yanzu ɗauko man niƙa ka koma kan bawul na huɗu. In ka gama ka kifa top ɗin, ka zuba kananzir a ramin, mu ga ko zai yi yoyo.