Ƙaramar kwamfutar tebur, za ta karɓi ƙarin kaya?

Ɗan'uwa, ka ce ko ƙaramar kwamfutar nan za ta karɓi ƙarin kaya nan gaba. RAM (ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita) da SSD (ma'ajiyar fayiloli) kam ba matsala, ni tawa Dell OptiPlex Micro ce ta hannu, sukuru ɗaya na kwance a baya na zare murfin na mai da RAM ɗinta 16GB daga 8GB, amma fa RAM irin na laftof take ci, ka kula in ka shiga Kasuwar Gumi ta Kaduna saye. Inda gizo ke saƙar shi ne katin girafik (mai sarrafa hoto da bidiyo), babu wurinsa sam, wutarta ma ba za ta ɗauka ba. Mac mini ta kamfanin Apple mai injin M1 kuwa RAM ɗin a manne yake, ba a iya ƙara shi. In editin bidiyo ne a ranka, don Allah ɗauki babba.