Digirin fasahar injiniya a kwalejin jiha a Amurka: wace ƙofa yake buɗewa, wacce kuma ba ya buɗewa?

Wani matashi ɗan shekara 24 ya aiko da tambaya daga Bronx a birnin Niyok. Shekararsa biyu a Amurka da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, yana tuƙin motar haya da dare, kuma yana da ND a fannin lantarki daga wata kwalejin kimiyya da fasaha a gida Najeriya. Ya ga kwas mai suna Electrical Engineering Technology a Farmingdale State College da ke Long Island da kuma City Tech da ke Brooklyn. Ya ce: "Malam, in na gama zan zama injiniya? Za a ɗauki ND ɗina? In na koma gida takardar za ta yi mini aiki?"

Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da ka yi tambaya kafin ka biya ko sisi.

Abu na farko, fasahar injiniya da injiniyanci kwas biyu ne daban, duk da cewa ɗakin gwaji ɗaya suke shiga. Hukumar ABET, mai tantance ingancin kwasa-kwasan injiniyanci da fasaha, ita ce ke tantance su, kuma ta raba musu kwamiti: EAC na injiniyanci, ETAC na fasahar injiniya. Ka shiga shafin ABET ka rubuta sunan makarantar, ka duba kwas ɗin da kansa, domin kwas ake tantancewa ɗaya bayan ɗaya. Makaranta guda kan iya samun digirin lantarki mai tantancewa da wani kwas a gefensa marar ita. Ka kuma lura ko na shekara biyu aka tantance ko na huɗu.

Bambancin yana cikin lissafi. Ɗalibin injiniyanci yana yin kalkulas har mataki na uku, ya ɗora da lissafin difarenshiyal, fiziks ɗinsa ma a kan kalkulas aka gina shi. Ɗalibin fasaha yawanci yana tsayawa a kalkulas na ɗaya ko na biyu, sauran lokacin yana kan benci: haɗa da'ira, karanta osiloskop, rubuta wa PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injunan masana'anta, umarni, zana taswirar wayoyi da AutoCAD, bin diddigin inda injin ya tsaya. Ga mai ND irinka wannan gida ne. Masana'antu, kamfanonin wutar lantarki, jiragen ƙasa da kamfanonin gini suna neman irin wannan hannu, kuma wurare da dama suna rubuta "injiniya" a takardar ɗaukar aikin mai digirin fasaha na shekara huɗu.

Inda gizo ke saƙa shi ne lasisin PE, wato lasisin ƙwararren injiniya, wanda ke ba mutum ikon buga hatimi a zane ya ɗauki alhakinsa a gaban doka. Hanyarsa ita ce jarrabawar tushen injiniyanci mai suna FE ta hukumar NCEES mai shirya jarrabawar lasisin injiniyoyi, tambaya 110 a kwamfuta, sai shekarun aiki a ƙarƙashin mai lasisi, sai jarrabawar PE. Mai digirin EAC shekara huɗu ake nema daga gare shi a galibin jihohi. Mai na ETAC ana ƙara masa, shida a wasu wurare, takwas a wasu, akwai kuma jihohin da ba su karɓar digirin fasaha a wannan hanya sam. Kowace jiha da hukumarta, don haka ka karanta ƙa'idar jihar da kake son zama. In burinka aikin masana'anta da gyara da sarrafa injuna ne, wannan ba zai dame ka ba, don yawancin masu wannan aiki ba su taɓa neman PE. In kuwa kana hangen buɗe ofishin zane naka, ko digiri na biyu a injiniyanci, to ka yi nazari sau biyu, domin jami'o'i da yawa sai sun mayar da mai digirin fasaha baya ya cike gurbin lissafi.

Shawarata ita ce ka shiga fasahar, amma duk inda aka ba ka zaɓi tsakanin lissafi mai sauƙi na 'yan fasaha da kalkulas ɗin da 'yan injiniyanci ke yi, ka ɗauki mai nauyin. Haka fiziks. Za ka sha wuya zango biyu, amma ranar da ka so sauya sheƙa waɗannan kiredit ɗin, wato ma'aunin darussan da ka ci, za su bi ka, na sauƙin kuwa sau da yawa a bakin ƙofa ake ajiye su.

Game da ND, ka fara tambayar makarantar wace hukumar auna takardu take yarda da ita, WES ko ECE ko wata, sannan ka nemi awon darasi bayan darasi, kada ka biya na dunƙule. Kwalejinka ta gida ce za ta aika sakamakon kai tsaye. Wanda ya biyo ta hannunka ko aka buɗe ambulansa ba a karɓa. Wannan matakin ne ke cin watanni, don haka ka sa wani amintacce a gida ya riƙa zirga-zirga ofishin jarrabawa. Ka nemo manhajar darussan da ka yi ka kai wa shugaban sashe da hannunka, shi ne mai cewa darasinka na da'irar lantarki ya yi daidai da nasu. Yawanci ba a ɗaukar darasin da aka ci ƙasa da C. Digirin yana cin kiredit 120 ko ɗan fiye, kuma ko nawa aka ɗaukar maka dole ka yi wani kaso a makarantar, galibi aƙalla 30.

Batun kuɗi, girin kad ɗinka ya ba ka damar cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya. Tallafin Pell, wanda ba a biya, ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 ga mai ƙaramin ƙarfi. A waccan shekarar kuɗin karatun ɗan jiha a SUNY, jami'ar jihar Niyok da Farmingdale ke ƙarƙashinta, dala 7,070 ne a shekara, a manyan kwalejojin CUNY, jami'ar birnin Niyok da City Tech ke ƙarƙashinta, 6,930, ban da ƙananan kuɗaɗe da littattafai. Sharaɗin farashin ɗan jiha shi ne zaman wata 12 a Niyok, kuma hujja ake so: takardar hayar gida, lasisin tuƙi, takardun haraji. Ga direba wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin FAFSA daga bayanan haraji take ɗauko kuɗin shigarka.

Tallafin jiha mai suna TAP yana da wani sharaɗi da ke kama 'yan'uwanmu ba shiri: wanda ya gama sakandare a wajen Amurka sai ya ci wata jarrabawar gwaji da ake kira ATB, ko ya kawo takardar GED, wadda ke daidai da shaidar gama sakandare a Amurka. Ka tambayi ofishin tallafi tun kafin a buɗe zango. Tallafin Excelsior kuma yana neman kiredit 30 a shekara, sannan in ka gama dole ka zauna a jihar adadin shekarun da ka ci moriyarsa, in ba haka ba ya koma bashi. Mai niyyar komawa gida da wuri ya san da wannan.

Kada ka haɗa tuƙin dare da kiredit 15. Darasi mai ɗakin gwaji kan ci awa biyu ko uku a zama ɗaya, ga rahoto kowane mako. Wanda ya janye kafin a ci kashi 60 cikin ɗari na zango ana iya bin sa wani ɓangare na tallafin, wanda matsakaicin makinsa ya faɗi ƙasa da 2.0 kuma yana iya rasa shi. Ka fara da darasi uku ka ga yadda jiki zai ɗauka.

Yanzu gida. Hukumar COREN mai kula da aikin injiniya a Najeriya tana yi wa injiniya rajista daban, masanin fasahar injiniya daban, inda masu HND suke. Ka sa a ranka cewa digirin da ke ɗauke da kalmar fasaha ana iya kai shi wannan layi na biyu, ko da daga Amurka ya fito. A aikin gwamnati wannan yana taɓa matsayi da ƙarin girma. A kamfani mai zaman kansa ko naka na kanka, kamar harhaɗa sola, abin da hannunka ya iya ake kallo. Sai dai za ka sake koyon wasu abubuwa: a nan Amurka bolt 120 ne da zagaye 60 a daƙiƙa, ana auna kaurin waya da lambar AWG bisa NEC, ƙa'idar aikin lantarki ta Amurka, a gida kuwa bolt 230 ne da zagaye 50, waya da murabba'in milimita. Injin lantarki mai juyawa da aka ƙera don 60 in ka ɗora shi a 50 gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, kuma yana iya ɗaukar zafi.

Bautar ƙasa ma tana nan. Wanda ya gama digiri bai haura shekara 30 ba ana neman ya yi NYSC kafin aikin gwamnati, shekara guda cur. Girin kad kuwa ba ya son doguwar tafiya: fita sama da wata shida tana iya katse lissafin zamanka na neman zama ɗan ƙasa, shekara guda ba tare da izinin dawowa na fom I-131 ba ana iya ɗauka ka yi watsi da katin. Saura shekara uku ka cika biyar ɗin da ake nema, kuma kusan lokacin ne za ka gama karatun. Ka karɓi fasfon Amurka tukuna, sannan ka shirya bautar ƙasa hankali kwance. Kafin nan, tunda ba ka kai 26 ba, ka tabbatar sunanka yana cikin rajistar Selective Service, wato rajistar samarin da za a iya kira aikin soja, domin za a tambaye ka ita a fom N-400 na neman zama ɗan ƙasa.