Amsa ga mai neman yadda zai gwada ƙarfin 'yan wasansa ba tare da na'urori ba

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka cewa kana horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwa, matasa 'yan shekara 16 zuwa 20, kuma kana son auna ƙarfin jikinsu kafin gasa alhali ba ka da komai sai usur da agogon waya. Na daɗe ina koyar da motsa jiki a sakandare tare da riƙe ƙungiyar makaranta, saboda haka zan gaya maka abin da na yi da hannuna.

Kafin ka sa yaro ya yi gudun da zai kai shi ƙarshen ƙarfinsa, ka zauna da shi ka tambaye shi ko ya taɓa suma yana wasa, ko ƙirjinsa na ciwo idan ya yi gudu, ko kuma akwai wanda ya rasu kwatsam da ƙuruciyarsa a danginsu. Duk wanda ya amsa da e, likita zai fara gani. Mu da muka manyanta ba mu manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, haka kuma Marc-Vivien Foé na Kamaru a birnin Lyon a 2003. Shi kuwa Nwankwo Kanu, gwajin likitoci ne a Inter Milan a 1996 ya gano matsalar zuciyarsa, aka yi masa aiki, ya dawo ya ci gaba da taka leda shekaru masu yawa. Ka nemi sanin sakamakon gwajin sikila (genotype) nasu ma, domin mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba, yana wasa lafiya lau, amma yana buƙatar a lura da shi idan gudu ya tsananta cikin zafi da ƙishirwa.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne gudun minti 12, wanda Kenneth Cooper, likitan sojojin saman Amurka, ya fito da shi a 1968. Yaro zai yi ta gudu har minti 12 su cika, sai ka busa usur kowa ya tsaya inda yake, a auna nisan da ya ci. Idan ka samu filin tsere mai zagayen mita 400, zagaye bakwai mita 2,800 ke nan. Idan babu, ka ari tef ɗin awo wurin magina, ka auna kewayen filinku sau ɗaya, ka zuba toka ko ka kafa turaku duk bayan mita 50. Akwai lissafin da ke kimanta yawan iskar da jiki ke iya amfani da ita: a cire 504.9 daga nisan, a raba da 44.73, wato mai mita 2,800 zai samu kusan 51. Ni dai na fi amfani da nisan kansa, domin shi ne yara suke ganewa.

Sai dai ƙwallon ƙafa ba gudu ne na bai-ɗaya ba. Na taɓa samun wani ɗan tsakiya, siriri, wanda duk lokacin da muka yi gudun minti 12 sai ya bar 'yan'uwansa da tazara mai yawa, amma a wasa da zarar an dawo daga hutun rabin lokaci sai in gan shi ya dafe ƙugu, baki buɗe, an wuce shi da ƙwallo yana kallo. Abin ya ɗaure mini kai har sai da na gwada su da Yo-Yo, gwajin da Jens Bangsbo na ƙasar Denmark ya tsara domin irin wannan wasa. Ana ja layi biyu da tazarar mita 20, ɗan wasa ya je ya dawo yana bin ƙarar da ake sakawa, ya huta daƙiƙa 10 yana takawa a hankali cikin mita 5 da ke bayan layin farko, sannan ya sake tashi, ƙarar kuma tana ƙara matsowa. Idan ya kasa isa layi a kan lokaci a gargaɗe shi, a karo na biyu a fitar da shi a rubuta nisansa. Yaron nan a tsakiyar jeri ya ƙare, domin birki da juyawa da sake tashi su ne ke cinye shi. Daga nan na sauya masa atisaye zuwa gajerun gudu masu maimaici, ya kuwa gyaru. Sautin gwajin yana nan a intanet, ƙaramar lasifika kawai za ka haɗa da wayarka.

Kuskuren da ya fi damuna a aikin nan nawa ne. Wata shekara na gwada yara da sassafe cikin hunturu, na sake gwada su a watan Afrilu bayan azahar, rana na dukan ƙasa, kusan kowa ya yi ƙasa, na yi musu faɗa cewa sun yi sakaci da atisaye. Daga baya na gane na zalunce su, domin zafin bazara na auna. Tun daga lokacin nake kiyaye fili ɗaya, lokaci ɗaya, irin takalmi ɗaya, ɗumama jiki iri ɗaya, kuma mutum ɗaya ke riƙe agogo. Ba na gwaji washegarin wasa, ba na yi da rana cikin azumi, kuma wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba ina ɗaga masa.

Gudun mita 30 da tsalle ba su da wahala. A gudun, ka ba kowa dama uku da isasshen hutu ka ɗauki mafi kyau, amma ka sani agogon hannu yana kuskure, don haka ƙaramin bambanci tsakanin yara biyu ba hujja ba ce. A tsalle, yaro ya shafa alli a yatsu ya taɓa bango a tsaye, sannan ya daka tsalle ya sake taɓawa, a auna tsakanin alamun biyu.

Ka sayi littafi mai kauri ka ba kowane yaro shafinsa, kuma ka riƙa kwatanta shi da sakamakonsa na baya, domin ɗan shekara 16 da bai gama girma ba idan ka jera shi da ɗan 20 za ka karya masa gwiwa a banza. Mai tsaron gida ma ba a neman nisan ɗan tsakiya a wurinsa, tsallensa da saurin tashinsa za ka duba. Ka yi gwajin farko a makon da kuka fara shiri, ka raba shi kwana biyu, gudun sauri da tsalle a rana ta farko, Yo-Yo a ta biyu, sannan ka maimaita bayan mako shida zuwa takwas. Idan ka samu sakamakon farko ka turo shi nan mu duba tare.